Layin da Na Kama wa Yaya

Ruwa nake sayarwa a cikin birnin Zariya. Kura ɗaya, jarka goma sha biyu. Na fi shekara ashirin ina tura ta cikin lungunan da ko keke mai ƙafa uku ba ya shiga. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Abin da na iya a duniya shi ne layi.

A bakin rijiyar burtsatse jarka mutum ce. Ka ajiye ta, ka tafi, wurinka yana nan. Ba mai taɓa ta. Wanda ya ture jarkar wani faɗa ya nema, kuma zai samu. Haƙorina na gaba a kan haka ya fita, ban yi nadama ba. Ni ba na jera jarkokina wuri ɗaya. Uku a wannan rijiya, huɗu a waccan, sauran a famfon bayan masallaci. Duk inda ruwa ya fara zuwa, ina gaba. Masu ruwa suna zagina a kan wannan, suna kuma kwaikwayona. Da shi na ci, da shi na ciyar.

Ina da yaya mace guda ɗaya. Ita ta riƙe ni bayan iyayenmu sun rasu, ita ta yi mini aure, ita ta tsaya a kaina ranar da matar ta rasu. Ɗinkin hannu take yi, aikin wuyan babbar riga. 'Yan kasuwa suna kawo mata yadi da zane a jiki, ta bi zanen da allura. Har yau Auta take ce mini, ga furfura a gemuna.

Yanar ido ta rufe mata na dama. Na hagu ma ya fara hazo. Ba ta faɗa wa kowa ba. Ni na gane ranar da na shiga na same ta tana neman kafar allura da zare, tana kuskurewa, tana lasar zaren, tana sake kuskurewa. Na tsaya a bakin ƙofa na ƙirga har sau tara.

Na ce, "Yaya, kawo."

Ta ce, "Wa ya kira ka?"

Na karɓa na zura mata. Ba ta yi godiya ba, ni ma ban jira ba.

A wannan shekarar aka yi shela cewa wasu likitocin ido za su zo wani ƙaramin asibiti a Tukur-Tukur, su yi aikin cire yana kyauta. Kwanaki kaɗan za su yi, mutum kaɗan za su ɗauka. Aka ce ba a son cunkoso a ƙofa, saboda haka a waya za a rubuta suna. Akwai shafi, ka shiga, ka cike, ka sa hoton mara lafiya. Ranar Asabar da ƙarfe goma na safe za a buɗe.

Ranar Juma'a bayan an sauko na je wurin mai cajin waya na bakin kasuwa. Tsohon abokina ne, tare muka yi dako kafin ƙafarsa ta lalace. Shi yake karanta mini abin da ya fi ƙarfina.

Ya buɗe shafin a wayata. Ya ce, "Ga shi. Ba a fara karɓa ba, amma yana bari ka fara cikewa."

Ya danna wani wuri. Wani ɗan zobe ya fito yana juyawa.

Na ce, "Wannan fa?"

"Jiranka yake. Ka shiga ke nan, yana sauraron ka gama."

"In na bar shi haka?"

"Sai ya yi ta jira, ina jin."

"Har gobe?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Ni na ƙera shi? Kai dai da tambaya kamar alƙali."

Na kalli zoben nan yana juyawa. A raina na ce, ai wannan jarka ce. Ba wanda ya gaya mini haka. Ni na gaya wa kaina.

Na sa ya nuna mini yadda ake buɗe wani shafin a kan wani ba tare da an rufe na farko ba. Abu ne mai sauƙi. Kafin in bar rumfarsa na jera goma a wayata, kowanne da zobensa.

Ya yi dariya ya ce, "Mugu. Har a waya?"

Na ce, "Idon Yaya ne."

Da na tsaya nan, wataƙila da ba abin da ya faru. Ban tsaya ba.

Mai ruwa shi ne namijin da yake shiga kowane gida. Ka yi sallama, a ce shigo, ka wuce har gindin randa. Na san gidan da ke da waya babba, na san mai 'ya'ya a makaranta. Yammacin nan duk gidan da na kai ruwa sai na roƙi alfarma. Hajiya, a buɗe mini wannan, a danna nan, a sake buɗe wani, a bar shi kar a rufe. Na ce wuri nake kama wa yayata. Ba wadda ta hana ni. Wata ma ta ce Allah Ya ba ta ƙane irina.

Sai suka fara tambaya. Wannan surukarta ba ta gani, waccan mahaifinta. Kowane gida da nasa tsohon. Na ga ba daidai ba ne in ci ni kaɗai. Na danna wayata na yi saƙon murya, na tura wa masu ruwa da zauren waya na unguwarmu. Ina tuna abin da na faɗa, don daga baya na ji shi fiye da yadda nake so.

Na ce, "Jama'a, mai ruwa ne. Duk mai tsoho da ke son aikin ido, kar ya jira gobe. Ku shiga yau, ku danna, ku bar shi yana juyawa. Ku buɗe da yawa, goma, ashirin. Kar ku rufe. Layi ne. Wanda ya yi barci, 'yan waje za su cinye mana."

Na ji daɗin kaina ranar. Wannan ma sai na faɗa.

Ranar Asabar ban fita aiki ba. Na shimfiɗa tabarma a zauren gidan da Yaya take, na jera wayoyi shida da na aro. Na sayi kati na sa wa kowacce. Yaya ta yi wanka, ta sa mayafinta na zuwa biki, mai cajin ya zo da sandarsa ya ɗauke ta hoto a jikin bango.

Ta ce, "Na yi kyau?"

Ya ce, "Yaya, likitan ma sai ya nemi aure."

"Ka ji ɗan banza. Auta, da irin waɗannan kake yawo?"

Goma ta yi. Mai cajin ya ɗauki waya ta farko, ya rubuta sunanta, ya danna. Zobe. Ya ɗauki ta biyu. Zobe. Ya rufe guda ya sake buɗewa, shafin ya ƙi fitowa gaba ɗaya. Fari fat.

Na ce, "Kar ka ƙara rufe ko ɗaya! Ka zubar mini da wuri."

Ya ce, "Anya kuwa?"

"Na fi ka sanin layi. Cunkoso ne. In ya motsa mu ne a gaba."

Muka zauna. Sha ɗaya. Sha biyu. Mutane suna leƙowa suna tambaya, mai ruwa, namu ma ya tsaya. Ina ce musu ku riƙe, kar ku saki. Wani dattijo maƙwabcinmu da jikarsa take jan sa zuwa masallaci ya tsaya ya sa mini albarka, ya ce ba don ni ba da bai san dabarar ba. Aka kira azahar, na yi salla a zauren ina satar kallon tabarma. Yaya ta aiko da abinci, ban ci ba. Mai cajin ya gaji ya koma rumfarsa.

Wajen la'asar wani mai keke da nake ba ruwan wanke kekensa ya tsaya a ƙofar gida.

Ya ce, "Kai kana nan? Na ɗauka kana Tukur-Tukur."

"Me ake a can?"

"Rubuta suna mana. Abin wayar ya mutu tun safe. Da suka ga haka suka fito da tebur da takarda a bakin ƙofa. Tun azahar nake ɗaukar mutane daga unguwar Kongo."

Ban sa takalmi daidai ba. Na hau kekensa. Da muka isa, an ɗauke teburin. Mai gadi yana tattara kujeru. Na ce masa yayata ce, ido ɗaya ya tafi, ɗayan yana bi. Ya ce takarda ta cika, har an rubuta na jiran ko-ta-kwana, ita ma ta cika. Na ce ina da wuri tun jiya, wuri goma, wuri sittin. Na nuna masa wayata. Ya kalli zoben ya kalle ni.

Ya ce, "Malam, ni ban san wannan ba. Wanda ya zo ya tsaya shi aka rubuta."

Layi na gaske, na ƙafa da ƙafa, irin wanda ba a taɓa cin ni a kansa ba. An yi shi an gama ina zaune a tabarma ina gadin wayoyi.

Na gaya wa Yaya abin wayar ne ya lalace. Na zagi masu asibitin, na zagi masu shafin. Ta cire mayafin ta ninke. A lokacin har ga Allah ban san ni ne ba. Na ɗauka an cuce mu ne.

Bayan kwana huɗu na kai ruwa wani gida da nake kai wa shekara da shekaru. Hajiyar gidan tana da 'ya da ta yi karatun na'ura, mai aure ce, takan zo wuni. Ban san a asibitin nan take aiki ba, ban san ita ke kula da shafin ba. Ina juye jarka a randa na ji tana ba uwarta labari a tsakar gida. Ta ce an tara su an yi mata faɗa a gaban kowa. Ta ce shugabanta ya ce ta kunyata su a idon baƙi.

Hajiya ta ce, "To wai me ya kashe shi?"

"Mama, da farko mun zaci wasu mugaye ne daga waje. Akwai masu yin haka da gangan, su toshe shafi don kar kowa ya shiga. Da na duba sai na ga duk wayoyin garin nan ne. Sai wata ma'aikaciyarmu ta turo mini wannan."

Ta danna. Muryata ta fito a tsakar gidan. Jama'a, mai ruwa ne.

Ruwan ya zube mini a ƙafa. Ban ɗaga jarkar ba har ta ƙare.

Hajiya ta juyo. Ita ma ta buɗe mini shafi biyar ranar Juma'a, da hannunta. Ta ce, "La ilaha illallahu."

'Yar ta kashe wayar. Ta san muryar tun kafin ta danna, na gani a fuskarta. Ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Baba, zo ka zauna."

Na ce, "A tsaye ma ina ji, Malama."

Ta yi mini bayani da Hausar da zan gane. Ta ce shafin yana zaune ne a kan wata na'ura da suke kira saba. Na'urar tana da iyakar mutanen da za ta saurara a lokaci ɗaya, kamar ɗaki mai kujeru ƙidayayyu. Duk wanda ya danna, sai ta ba shi kujera ta jira ya gama. Manhajar da ke kanta tana da aibi: ba ta san ta ce wa mutum tashi ba. Ko ya kwana bai ce uffan ba, tana nan tana jiransa. Kowane shafi da muka buɗe muka bari, kujera ɗaya ya cinye. Kafin gari ya waye ba sauran kujera. Wanda ya zo ƙarfe goma da sunansa da hotonsa bai samu ko ƙofa ba. Ta ce sun kashe na'urar sun kunna har sau uku, da ta tashi sai wayoyin nan su sake afka mata, don ba wanda ya rufe.

Na ce, "To wanda ke kan kujerar fa? Ai ya kamata a fara da shi."

"Ba layi ba ne, Baba. Ba ta san na farko ba, ba ta san na ƙarshe ba. Da ta cika sai ta daina amsa wa kowa. Har da ku."

"Har da mu."

"Har da ku."

Na tambaye ta abu ɗaya. Na ce da na bari sai goma ta yi na shiga da waya ɗaya, da Yaya ta samu?

Ta kalli uwarta. Hajiya ta ce, "Ke, gaya masa Allah ne bai yi ba."

'Yar ta ce, "Allah ne bai yi ba. Amma tunda ya tambaya, da wuya ta rasa. Mun tsara masu ido ɗaya da ya rufe su za a fara ɗauka."

Na gode mata da ba ta yi mini ƙarya ba.

Ta ƙara da cewa laifin ba nawa ba ne ni kaɗai. Masu manhajar sun daɗe da fitar da gyara, ita ce ba ta sa ba, tana ta cewa sai an gama wannan aikin. Ta ce ƙofar da mutum ɗaya da saƙon murya zai iya toshewa, dama can ba ƙofa ba ce. Yanzu ta gyara, duk wanda ya yi shiru na ɗan lokaci na'urar za ta sallame shi, kuma waya ɗaya ba ta cin kujera da yawa.

Na san tana so ta rage mini ne. Bai ragu ba. Ita mantuwa ta yi. Ni gida-gida na bi.

Na ɗauki jarkokina. Hajiya ta ce, "Sauran ruwan fa?" Na manta ban juye biyu ba. Na koma na juye.

Daga nan gidan Yaya na nufa, da kurar da komai. Na same ta a bakin ƙofar ɗakinta inda haske ya fi yawa, riga a cinya, ta kusa manna fuskarta da yadin.

Na tsuguna. Na ce, "Yaya, ni na kashe abin."

Ta ce, "Na sani."

"Wa ya gaya miki?"

"Wa zai gaya mini? Matan gidan nan sun sa mini muryarka tun ranar Juma'a, suna ta yabonka. Da aka ce ya mutu na ce a raina, Auta ya kai jarkokinsa inda ba a kai jarka."

"Me ya sa ba ki ce komai ba?"

"Ina jira in ga ko za ka zo da ƙafarka."

Na sunkuyar da kai. Na yi shekaru ban yi kuka ba, ranar ma ban yi ba. Amma na kasa kallon idon nan fari.

Ta ce, "Tun kana yaro haka kake. In an raba ƙosai sai ka ɓoye biyu a aljihu kafin ka ci naka. Yunwa ce ta koya maka, ban ga laifinka ba a lokacin. Yanzu fa?"

Ta ci gaba.

"Ni na yafe. Idona ne, na yafe. Amma ba ni kaɗai ba ce. Tsohon nan da ya sa maka albarka, ka je ka gaya masa?"

"A'a."

"To ɗauko wayar. Yadda ka tara su haka za ka gaya musu."

Na ce zan bi su ɗaya-ɗaya. Ta ce a'a, da murya na yi, da murya zan warware. Na fito da wayar. Sau uku ina dannawa ina saki. Na taɓa tura kura a kan gangaren da ya karya wa wani ƙafa, ban ji abin da na ji a tsugunen nan ba. A na huɗu na yi magana.

Na ce, "Jama'a, mai ruwa ne. Abin da na ce ku yi ranar Juma'a shi ya kashe shafin asibiti. Ba layi ba ne, ni na ce layi ne. Duk wanda tsohonsa ya rasa, ni na jawo. Yarinyar da ke kula da shi ba ita ta tara ku ba. In an sake buɗewa, waya ɗaya, shafi ɗaya. Ku yafe mini."

Na tura.

Wasu sun yafe. Wani ya turo zagi har da iyayena, na saurara har ƙarshe. Gida biyu suka daina sayen ruwana. Dattijon nan na je na same shi da kaina. Ya ce ba komai, ya kama hannuna ya daɗe bai saki ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. A bakin rijiya kuwa, in na ajiye jarka sai wani ya ce, "A buɗe goma, a buɗe ashirin, kar a rufe!" Su fashe da dariya. Da can da na fasa wa mutum baki. Yanzu sai in ja kurata.

Likitocin sun yi kwanakinsu sun tafi. Waɗanda aka yi wa aiki na gan su da auduga a ido, daga baya na gan su suna tafiya ba mai jan su. An ce za su dawo. Ba su dawo ba tukuna. Na kai Yaya wani asibitin, an duba, an faɗi abin da aikin zai ci, muka dawo gida.

Idon hagun yana nan yana raguwa. Ta daina karɓar aiki mai ƙananan zane, sai manya, waɗanda yatsa yake iya bi. Allura kuwa ba ta ko gwadawa.

Kullum kafin in tafi rijiya nakan biya ta wurinta. Ta ajiye mini zare da wani tsohon matashin kai. In zura allura takwas, kowacce da zarenta, in soke su a jere yadda hannunta zai same su. Yatsuna sun yi kanta, nakan daɗe. Saboda haka yanzu ba na samun gaban layi, sai rana ta ɗaga nake cika jarkar farko.

Rannan ta shafa matashin tana ƙirgawa da yatsa.

Ta ce, "Takwas. Auta, wannan ma wuri ka kama mini?"

Na ce, "Wannan zai yi aiki, Yaya."

Ta zare ta farko, ta lalubi inda ta tsaya jiya a wuyan rigar, ta soka.